Sojan Ko-ta-kwana da Kujerarsa a Wurin Aiki

Ɗan yayata da ke zaune a Amurka ya zo mana Babbar Sallah a Gusau, kuma a hirarmu ta bayan la'asar na tambaye shi yadda yake haɗa aikin kantin magani da aikin soja, domin yana cikin sojojin ko-ta-kwana, masu zuwa horo ƙarshen mako ɗaya a kowane wata da kuma mako biyu a shekara. Ya ce, "Kawu, ai ba alfarma ake yi mini ba. Ina sanar da maigidana tun da wuri, in tafi, in dawo in tarar da wurina."

Dokar da ta ba shi wannan ƙwarin gwiwa ita ce USERRA, dokar Amurka mai kare ayyukan ma'aikatan da ke tafiya aikin soja, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1994. Ba ta wajabta wa kamfani biyan albashin kwanakin da ma'aikaci ba ya nan ba, amma ta hana a kore shi saboda aikin sojan, ta hana a tilasta masa ya cire kwanakin daga hutunsa na shekara, sannan ta ce a mayar da shi matsayin da zai kai da bai tafi ba, har da ƙarin girman da tsawon aiki ke kawowa. Shi ma ma'aikacin an ɗaure shi da wa'adi: wanda ya yi tsakanin kwana 31 da 180 a aikin soja dole ya nemi komawa cikin kwana 14 bayan ya gama, wanda ya wuce haka kuma yana da kwana 90.

Birtaniya ta bi wata hanya. Dokarta ta 1985 tana kare aikin wanda aka kira fagen daga, amma ba ta tilasta wa mai kamfani ya ba da hutun horo ba. Abin da ya burge ni shi ne Ma'aikatar Tsaronsu tana taimaka wa kamfani da kuɗin ɗaukar madadi idan an kira ma'aikacinsa.

Duk wannan ya tuna mini da maƙwabcina, malami a wata makarantar kuɗi, wanda ya shiga 'yan sintirin unguwarmu. Da aka kira su horon mako biyu, ya nemi izini da baki aka ba shi, amma ranar da ya dawo ya tarar da wani riƙe da alli a ajinsa. Mai makarantar ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, yara ba za su jira ka ba." Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, domin iyaye sun biya kuɗi kuma jarrabawa ta gabato.

Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, gwamnati ce ta ɗauke su, saboda haka lamarinsu daban ne. Damuwata ita ce masu sana'a da ake kira lokaci-lokaci. A ganina, Majalisar Dokokin Jiha za ta iya rubuta kwanakin horon da aka yarda da su, da wa'adin sanarwa, da wanda zai biya madadi, ta yadda nauyin ba zai faɗa kan malami ko mai ƙaramar makaranta kaɗai ba.

Maƙwabcin nawa yanzu katin waya yake sayarwa a Tudun Wada, kuma har gobe yana fita sintiri da dare.