Ƙarshen Kaka a Hanyar Daura

Mun fita Kano da hantsi a makon ƙarshe na Nuwamba, muka bi titin Katsina har Dawanau, daga nan muka karya dama muka ɗauki hanyar Dambatta. A bakin kasuwar Dawanau sai da muka daɗe a tsaye, saboda manyan motoci sun cika gefen titi suna sauke buhunan riɗi da wake da zoɓo. Hazo bai yi kauri ba tukuna, amma ya riga ya dusashe sama, rana tana nan fara fat, ba zafi. Direbanmu ya naɗe kai da kunne da rawani, ya bar idanu kaɗai.

Daga Dambatta zuwa Kazaure gonaki kashi biyu ne. Na gero an kwashe su tun watan Satumba, ba abin da ya rage sai kututture da sawun dabbobi. Dawa kuwa tana tsaye, ganyenta ya bushe, zangarniya ta sunkuyo. Wasu sun sare kara sun kwantar da shi a layi, sun bar shi ya sha iska kwana biyu kafin a zo a yanke kai a ɗaure dammi. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne harawa. An naɗe ta dunƙule-dunƙule an ɗora a kan reshen gawo ko rufin soro, inda akuya ba ta kai ba, gara ma ba ta samu. Mai wayo yana cire harawar wake tun ganyen yana da sauran kore, ya naɗe ta da sanyin safiya lokacin da ta ɗan yi laushi. In ya bari ta bushe ƙayau a gona, da an taɓa ta ganyen ya kakkaɓe, a tashi da jijiya zalla, wadda ba ta da daraja ko a wurin tunkiya ko a kasuwa. Can nesa garken shanu na kiwo a gonakin da aka gama da su, makiyayi yana tsaye tsakaninsu da dawar da ba a yanka ba. Yawancin rigimar manomi da makiyayi a wannan watan a daidai wannan iyakar take tashi.

Muka wuce duwatsun Kazaure, muka bar Jigawa muka shiga Katsina. Kafin Daura na sauka, na hau babur zuwa wani ƙauye da ke gefen hanya, inda na yi kwana huɗu.

Tsakar gidan da na sauka babu wurin taka ƙafa, ko'ina shanya ce. Wake a kan tabarmi biyu, barkono a kan rufin kwano, kuɓewa yankakkiya a faifai, zoɓo a kan buhun da aka farke. Ganyen kuka shi kaɗai aka kai rumfa, domin rana tana cinye masa kore, garinsa ya fito fari-fari, miyar kuma ba ta yin yauƙi yadda ake so. Aikin gona ya ƙare, ko ya kusa, abin da ya rage jira ne: a baza da safe, a juya da azahar, a tattara kafin magariba, gobe a sake. Iskar hunturu ce ke yin aikin, mutum nasa tsaron kaji.

Wake ne ya fi kowa rigima. Ƙwaron da ke cinye shi tun a gona yake yin ƙwai a jikin kwanso, don haka waken da ka gani garau a ido yana ɗauke da ɓarnarsa a ciki. In aka zuba shi a buhu na kullum, cikin wata biyu ko uku sai a tarar da huji a kowace ƙwaya da gari a gindin buhu. Maigidan ya nuna mini yadda yake gane ya bushe: ya ɗauki ƙwaya ya ciza, in ta fashe da ƙara ta rabu biyu, ta yi, in haƙori ya nutse, a mayar da shi rana. Yana ajiya ne a buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Hawa uku ne, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana zuba wake a ta ciki, a matse iska, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure, sannan a ɗaure ta biyu daban, na wajen ma daban. Ba a sa magani ko kaɗan, rashin iska ne ke kashe ƙwaron. Abin da ke ɓata shi uku ne: huda ko da ta tsinke ce, ɓera, da buɗe-buɗe. Saboda haka na cin gida a jarka ake zuba shi, a cika har wuya, a sa leda a bakin kafin a murɗa murfi. Jarkar da aka bari rabi, iskar da ke sama ta ishi ƙwaro rayuwa.

Dawa ba ta da wannan wahala, muddin an bar ta a zangarniyarta. Rumbun gidan na ƙasa ne, an ɗora shi a kan duwatsu don gara da laima, an yi masa hular jinka. Kafin a zuba sabon hatsi sai an share tsohon tas an toshe tsaga da laka. Kafin dammi ya shiga kuma sai an fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi. Ana ciro dammi ɗaya ne idan buƙata ta taso, a sussuke a turmi, a shiƙe, iska ta tafi da ƙaiƙayi.

Girkin dare tun la'asar ake ɗora shi. Uwargidan, wadda kowa ke ce wa Inna, ta surfa kwano ɗaya na kaura tun safe, ta bakace dusa, ta wanke, ƙasarin aka ba awaki, aka shanya tsabar ta sha iska sannan aka kai inji. Kwano ɗaya yana ciyar da mutum takwas zuwa goma. Ta tankaɗe garin, ta ware tsakin da ya rage a rariya don yin talge. Da ruwa ya tafasa ta dama tsakin da ruwan sanyi, ta tsiyaya a tukunya tana juyawa da muciya, ta ɗiga ruwan kanwa kamar cokali biyu, ta rufe. Talgen ya kusa minti ashirin yana ɓararraka. Na tambaye ta ko bai isa ba.

"Bari dai, ɗana," ta ce. "Tuwon da talgensa bai nuna ba, ko ka kwana kana tuƙi warin gari zai yi."

Ta ɗebi ludayi uku na talgen ta ajiye a ƙwarya, sannan ta fara barbaɗa gari da hannun hagu, dama tana tuƙi, ƙafa ɗaya ta dafe gindin tukunya da tsumma. Garin kaɗan-kaɗan yake shiga. Wanda ya juye shi gaba ɗaya zai ci gudaji. Da ya yi tauri fiye da kima ta mayar da talgen da ta ajiye, ya sassauta. Ruwan sanyi ba ya wannan gyara, ɓata tuwon yake yi. Daga nan ta zare itace biyu, ta bar garwashi, ta rufe ya sulala kamar minti goma sha biyar, ta sake tuƙawa, ta kwashe da mara tana tsoma ta a ruwa. Sabuwar dawa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa, in ji ta, don haka a wannan watan tana rage ruwa, in ba haka ba tuwon zai saki kafin safe.

Miyar taushe ce, don kabewa na nan jibge a ƙarƙashin gado. Kwata ɗaya na babbar kabewa aka fere aka yanka, aka dafa tare da ƙashin saniya har ta yi lugub, aka farfasa ta da ludayi a cikin romon. Aka zuba jajjagen tattasai biyar da attaruhu uku da albasa, daddawa ƙwaya biyu da aka daka da citta, da manja kaɗan. Gyaɗa gwangwani ɗaya, ɗanya, an daka ta ba ta yi laushi can ba. Ita gyaɗa da ta shiga sai a rage wuta, domin tana zama a gindin tukunya, kuma ƙaurinta ba ya gyaruwa. Yakuwa ce ta ƙarshe tare da alayyahu. Tsaminta yana hana abu nuna, wanda ya sa ta da wuri zai tarar da kabewarsa tana gardama har a sauke. A ganina wannan miyar ba ta da tamka da sabuwar gyaɗa, kodayake mutanen gidan sun fi yabon ta busasshiyar kuɓewa.

Bayan isha'i ɗari ya sauko. Maza suka koma zaure aka hura kara da ƙirare, yara suka tura dankali cikin toka suna jira, wani ya kawo rake. Hira ba ta wuce farashin buhu, da wanda zai aurar da 'ya kafin azumi, da garin da za a yi dambe. Tsofaffi sukan shiga ɗaki da kaskon wuta, kuma a nan ne hatsari yake. Gawayi, ko ya gama kamawa, yana fitar da iskar da ba a gani, ba a jin warinta, a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga tana iya kashe mai barci. Ana bari garwashi ya yi ja a waje, a ɗumama ɗaki da shi, a fitar kafin a kwanta. Ga kuma darni da jinka sun bushe, tartsatsi ɗaya ya isa. Na ga Inna ta zagaya murhu da buta kafin ta rufe ƙofa.

Da safe ba mai gaggawar fita. An dawo daga masallaci an sake lulluɓa, sai rana ta taɓa bango sannan aka fito jin ta, yara sun yi furu-furu ana shafa musu man kaɗe a fuska da dunduniya saboda faso. Karin kumallo ɗumame ne. An yanka malmalar jiya an jera a tukunya da ruwa ɗan kaɗan, aka rufe tururi ya ratsa ta, aka ɗumama miyar daban har ta tafasa sosai, aka narka man shanu da albasa a kai. Kusa da shi kunun tsamiya. Gasarar gero ce da aka niƙa da citta da kanumfari da barkono, aka dama da ruwan tsamiya mai kauri, sannan aka sheƙa tafasasshen ruwa gaba ɗaya aka rufe da faifai. A lokacin sanyi kunu yakan ƙi kamawa, ya tsaya tsararo da ɗanɗanon ɗanyen gari, saboda kwanon da gasarar sun yi sanyi sun kashe zafin ruwan. Maganinsa a ɗauraye kwanon da ruwan zafi tukuna, in kuma ya riga ya ƙi, a juye a tukunya a mayar kan wuta ana juyawa.

Rana ta uku aka yi ɗan wake da sabon wake. Awon gidan shi ne garin wake gwangwani biyu, garin rogo ɗaya, kuka cokali biyu, da kanwa kamar ƙwallon dabino da aka jiƙa aka tace. An kwaɓa da ruwan kanwar har ya yi danƙo yana bin hannu, aka riƙa gutsura da yatsu ana jefawa a ruwan da ke tafasa. Yakan nutse, ya taso, a ba shi kamar minti goma bayan ya taso. Tukunyar ba a rufe ta ruf, don kumfa na tasowa ta kashe wuta. In kuka ta yi kaɗan sai ya narke ya zama kunu, in kanwa ta yi yawa ya yi duhu da ɗaci ya kuma ɓata ciki. Da bazara a ruwan sanyi ake tsame shi, yanzu kuwa a ruwan ɗumi, aka zuba man gyaɗa da aka soya da albasa yana ƙara, aka barbaɗa yajin ƙuli.

Ba kowa ne ya samu wannan hutun ba. Masu lambu a fadama yanzu nasu ya fara, suna dashen tumatir da albasa, suna shiga ruwa da asuba cikin wannan ɗarin, masu alkama kuma suna sauri su shuka kafin tsakiyar Disamba don ta samu sanyin da take so. Samari da yawa suna jiran a ɗaure dammin ƙarshe ne su tafi cin rani. Mata ma da wuya a ce sun huta, sussuka da ɓarar gyaɗa da cirar zoɓo duk a hannunsu suke, sai dai a zaune ake yi, a rana, ana hira.

Ranar komawa na biya ta Daura na leƙa rijiyar Kusugu, sannan na nemi motar Kano. An haɗo ni da kabewa guda, ƙullin kuka, da wake kwano biyu a leda, Inna tana jaddada mini in na isa in ƙara masa rana ta kwana biyu kafin in zuba a jarka. Hazo ya ƙaru a cikin kwana huɗun nan, har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Wajen Kazaure gonar dawar da na gani a tsaye ran zuwa an kwantar da ita, amalanken shanu biyu na bakin titi ana loda dammi.