Yaro bai ci WAEC ba, sai kuma me?

Duk shekara in sakamakon WAEC da NECO ya fito akwai gidajen da sai ka ɗauka rasuwa aka yi, yaro bai haɗa kiredit biyar ba, ko ya haɗa amma Turanci ko Lissafi ya kayar da shi, uba ya daina amsa gaisuwarsa, uwa kullum "kai ba ka ga ɗan gidan wane ba", shi kuma ya tare a majalisa tun safe sai dare. Toh ni dai a ganina kafin a sake zuba kuɗin jarabawa a zaunar da shi tukuna a gano ina matsalar take. Wani tun firamare bai iya haɗa baƙi ba aka dinga tura shi gaba aji bayan aji, wani allo ne ba ya gani daga bencin baya kuma ba wanda ya taɓa kai shi a duba idonsa, wani kuwa zaman shago ne ya cinye lokacinsa.

In darasi ɗaya ko biyu ne ya riƙe shi abin da sauƙi. Akwai GCE, wato jarabawar WAEC ta ƴan waje da suka gama makaranta, NECO ma tana da irinta a ƙarshen shekara, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗe, sai dai a sa shi lesin na gaske. Santocin nan da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo kam ban yarda da su ba wallahi, yaro zai shiga jami'a da takarda mai kyau kai kuma fanko, ƙarshenta a koro shi.

Wanda kuwa an gwada an gwada boko ya ƙi shiga, don Allah a daina yi masa maganar sana'a kamar horo ne. Je ka Panteka a Kaduna ka ga abin da masu walda da ƙira ke fitarwa, ko Farm Centre a Kano wajen masu gyaran waya, ga haɗa sola da yanzu kowa ke nema saboda halin wutar nan, ga tayil, ga famfo, mata ga ɗinki da lalle da girki. Amma fa inda iyaye ke sakaci shi ne zaɓen ubangida. Sai a damƙa yaro kawai a ce "ga shi nan amana", shekaru su wuce aikinsa shara da sayo wa oga abinci, ko sukundireba ba a bari ya riƙe. Baba, ka je da ƙafarka, ka tambayi yara nawa mutumin ya yaye kuma ina suke yanzu, ku yi magana a fili kan tsawon lokaci da abin da za a koya masa, sannan ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba.

Kuma sana'a ma tana da takarda, mutane da yawa ba su damu da wannan ba. NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, tana shirya jarabawar fasaha da kasuwanci, ana iya neman poli da sakamakonta. Akwai kuma Trade Test na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mataki uku ne, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, ranar da kamfani ke neman mai wayarin ko makanike shi za su tambaya. NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, da ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, su ma suna horaswa, a leƙa ofishinsu na jiha a ji lokacin da ake ɗauka.

Ko yana gareji dai kar a bar shi ya watsar da karatu gaba ɗaya, ko awa ɗaya ce bayan magariba ya zauna da wani ya ƙara masa lissafi da rubutu, don tela sai da awo, mai sola sai ya lissafa batir nawa gida zai ɗauka, kuma kwastoma zai ce a rubuta masa rasit.