iPad Pro ta 2024 a idon mutumin Damagaram

A watan Mayun 2024 kamfanin Apple ya fito da sabuwar kwamfutar hannu ta iPad Pro, babba da ƙarama, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin masu gyaran waya a kasuwar Dole ta Damagaram shi ne rashin kaurinta, domin babbar, mai inci 13, milimita 5.1 ce kacal. An saka mata ƙwaƙwalwar M4 da allon OLED, wanda baƙinsa yake fitowa wuluk.

Ni kuwa farashin ne ya tsaya mini a rai, tunda ƙaramar ma daga dalar Amurka 999 ta fara, ban da kuɗin duwan. A garin da zafin bazara yake haura digiri 40, ɗalibin jami'a ya fi bukatar batir mai juriya da gilashin da za a samu madadinsa a kasuwa idan ya fashe.