Ƙaramin fiyanon Casio da ya buɗe mana ƙofar sana'a

Ina da ƙaramin situdiyo na ɗaukar waƙa a Nima, cikin birnin Akara, kuma yawancin matasan da ke zuwa wurina dancehall, wani salon waƙar Jamaika, suke rerawa. Da a ce sana'ar nan tana nan yadda take a Jamaika kafin 1985, da irina bai isa ya shige ta ba, domin a wancan zamani sai mai shirya waƙa ya kama hayar babban situdiyo irin Channel One, ya biya mai ganga da mai bes (jitar da ke ba da sauti mai kauri) da mai jita da masu busa, kafin mawaƙi ya buɗe baki.

A unguwar Waterhouse ta Kingston lamarin ya sauya. Wayne Smith da abokinsa Noel Davey suka tarar da wani kiɗa da ya zo a cikin ƙaramin fiyanon lantarki, Casio MT-40, wanda wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan, Okuda Hiroko, ta tsara. Suka kai wa mai shirya waƙa Prince Jammy, ya rage masa gudu, ya ƙara masa tafi, aka samu "Under Mi Sleng Teng". A Fabrairun 1985 Jammy ya sa waƙar a gasar sa kiɗa ta manyan sifikoki da ya kara da ƙungiyar Black Scorpio, jama'a suka yi ta neman a maimaita, kuma daga baya ɗaruruwan waƙoƙi suka hau kan wannan kiɗa. Ba a daɗe ba Steely da Clevie, su biyu kacal, suka riƙa yin aikin ƙungiyar makaɗa guda. Wannan ya taɓa abincin makaɗa da yawa, abin da ban taɓa ɗaukarsa da wasa ba.

Tsarin da muka gada ke nan: ridim ɗaya, wato kiɗa zalla ba murya, nake ginawa a kwamfuta, mawaƙa da dama su hau kansa, kowa da baitinsa, kuma daga nan kuɗin haya da na wuta suke fitowa. Inda aikin yake cin lokaci shi ne bes. Dole ya doki ƙirji a manyan sifikoki, kuma kada ya ɓace a wayar hannu, saboda haka ba na sallamar waƙa sai na saurare ta a duka biyun. Idan kuɗin mawaƙi ya kai, nakan kira mai jita ya zo ya kaɗa da hannunsa, domin ɗan jinkirin yatsunsa yana ba kiɗan wani rai da ban samu daga na'ura ba.