Tsakanin log da ln: yadda nake fito da e a kan allo

A darasin yamma da nake yi wa masu shirin WAEC da NECO a Tudun Wada, ba na barin kowa ya taɓa kalkuleta sai ya amsa tambaya ɗaya: goma nawa za a jera a ninka da juna kafin a sami 1000? Uku. To wannan ukun shi ne log 1000. Maɓallin log tushensa 10 ne, na ln kuwa tushensa e, wato 2.71828 da ɗoriya. Tambayar ɗaya ce, tushen ne ya bambanta.

Goma ba ta ba kowa wahala, da ita muke ƙirga kuɗi. John Napier na Sikotland ne ya fito da logarizim a 1614, Henry Briggs na Ingila kuma ya ɗora shi kan tushen 10, ya buga babban jadawalinsa a 1624. Inda ake samun tirjiya shi ne e. "Malam, ita kuma daga ina?" Na daina rubuta ta a allo a haddace, sai dai mu haƙo ta tare.

Nakan ce a ɗauki naira 1 da ke ƙaruwa da kashi 100 cikin 100 a shekara. In sau ɗaya aka ƙara, ta zama 2. In aka raba shekarar biyu, kowane rabi kashi 50, sai a sami 1.5 × 1.5, wato 2.25. Duk wata uku: 2.4414. Duk wata, wato a jera 1 + 1 ÷ 12 sau 12 a ninka da juna: 2.6130. Kullum, kwana 365: 2.7146. A nan ɗalibai ke tsit, don sun zaci abin zai yi ta hawa ba iyaka, sai ga shi yana jan ƙafa, ya ƙi wuce 2.71828. A kan lissafin kuɗin ruwa Jacob Bernoulli ya ci karo da wannan lamba a 1683, Leonhard Euler kuma ya laƙaba mata harafin e. Amma ba ta bashi kaɗai ba ce. Duk abin da ƙaruwarsa ke haifar da wata ƙaruwar ba tsayawa, kamar ƙwayoyin da ke mai da madara kindirmo a farkon kamawarsu, da ita ake lissafa shi.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Wani zai danna 1 + 1 ÷ 12 ya ɗora 12 a sama ba tare da ya rufe su cikin baka ba, kalkuleta ta ba shi 1, domin 12 ɗin ƙarshe kaɗai ta ninka. Na biyun ya fi yaudara, wato gutsure lamba da wuri. Wanda ya mai da 1 ÷ 365 ya zama 0.003 zai ƙare da 2.984, ya ma zarce e, saboda ɗan kuskuren nan an ninka shi sau 365. Shi ya sa nake cewa a bar lambobin cikin kalkuleta har a gama, a gutsure a ƙarshe.

Daga nan sai misalin kasuwa. A ce buhun masara a Kasuwar Barci yana hawa da kashi 20 cikin 100 duk shekara, shekara nawa farashin zai ninka? Da log: log 2, wato 0.3010, a raba da log 1.2, wato 0.0792, an sami 3.8. Da ln: ln 2, wato 0.6931, a raba da ln 1.2, wato 0.1823, nan ma 3.8. Kowanne ka bi ya kai ka gida, muddin ba ka sauya doki a tsakiyar rafi ba. Wanda ya ɗauki ln 2 a sama da log 1.2 a ƙasa zai sami 8.75, kuma amsar ba ta da kamar kuskure, shi ne haɗarinta. In dole ne a sauya, a ninka log da 2.3026 a sami ln, ko a ninka ln da 0.4343 a koma log.

A ganina har yanzu jadawalin log ɗin nan mai lamba huɗu yana da amfanin da kalkuleta ba ta da shi, don yana tilasta wa yaro ya san girman lambar da yake riƙe da ita. Wahalarsa tana wurin lambobin da ba su kai 1 ba. Log 0.0345 a jadawali 2.5378 ne da sanda a kan 2. Sandar ta 2 ce kaɗai: a debe 2, a ƙara 0.5378. Kalkuleta na nuna −1.4622, abu ɗaya ne. Wanda ya karanta shi −2.5378 ya ɓata tun daga ƙofa.

Rabawa ce ke fallasa wanda bai gane ba. Don neman lambar da za a jera sau uku a ninka ta ba da 0.0345, sai a raba da 3, ga shi 2 mai sanda ba ta rabuwa da 3. Sai a ara: a mai da ita 3 mai sanda, a biya da ƙara 1 a ɗaya ɓangaren, ya zama 1.5378. Yanzu a raba kowanne daban, a sami 1 mai sanda da 0.5126. Jadawalin antilog, mai mayar da log zuwa ainihin lamba, ya ba da 3.255, sandar ta ja ɗigon baya taki ɗaya, amsa 0.3255. Ba na karɓar littafi sai mai shi ya ninka 0.3255 × 0.3255 × 0.3255 a gefen shafi, na ga 0.0345 ta dawo.