Busar da 'ya'yan itace da sanyi a zafin Garwa

Mu a Garwa, arewacin Kamaru, shanya muka sani. Kuɓewa, tumatir, kilishi, duk rana ke yin aikin. Don haka da yayana ya kawo min ƙaramin injin busar da abinci da sanyi daga Duwala, sai na ce, "Yaya, yaushe sanyi ya fara busar da abu?" Ashe injin daskarar da abin yake yi har wajen digiri 40 ƙasa da sifili, sannan ya zuƙe iskar da ke ciki. In babu iska, ƙanƙara ba ta narkewa, tururi take zama kai tsaye ta fice. Da wannan dabarar aka adana ruwan jini da maganin fenisilin a Yaƙin Duniya na Biyu.

Da sitirobari na fara, wanda ake nomawa a Jos. Na yayyanka shi siriri, na jera a farantan injin ba tare da wani ya hau wani ba. Da ya fito, ja jawur yake, bai yamutse ba, ga shi sakayau. Kana tauna shi ƙaras-ƙaras sai ya narke a harshe, tsaminsa da ƙamshinsa sun fi na ɗanye ƙarfi. Na daka kaɗan na barbaɗa a kindirmo, yara suka sha suna neman ƙari. Amma kusan kashi 90 cikin 100 na sitirobari ruwa ne, kilo guda da ƙyar yake ba da giram 100. Tsadarsa daga nan take.

Injin yana son wuta fiye da awa 24 ba yankewa, kuma a zafin Maris da Afrilu wahala yake sha, sai ɗaki mai sanyi.

Babban abokin gaba dai danshi ne. Da hunturu kana iya barin faranti a buɗe ka je ka dawo. A watan Agusta kuwa, kafin ka gama sallamar baƙo, abin da ka busar ya fara laushi yana danƙo. Yanzu yana fitowa nake zuba shi a kwalba mai murfin roba, ko ƙananan ledoji masu kauri in liƙe bakinsu, kowace daidai cin mutum ɗaya.

Magarya da kurna ba na sa su, rana ta ishe su, wutar asara ce. Mangwaro kuwa, da ke ruɓewa tuli-tuli a kasuwa in kakarsa ta zo, shi ya cancanci injin, kuma shi nake saye da araha in cika farantan.