Taba a Gida, Takardar Sallama a Ofis

A watan Janairun 2005 ma'aikata huɗu suka rasa aikinsu a kamfanin Weyco da ke jihar Michigan a Amurka, kuma ba a kama ko ɗayansu yana busa hayaki a ofis ba. Laifinsu shi ne sun ƙi yarda a gwada su a ga ko suna shan taba. Mai kamfanin, Howard Weyers, ya sanar tun a 2003 cewa ba zai ci gaba da riƙe mashayin sigari ba, ko a bakin aiki yake sha ko a gidansa, ya ba da wa'adin fiye da shekara guda tare da taimako ga mai son dainawa. Hujjarsa ita ce a Amurka kamfani ne kan ɗauki nauyin inshorar lafiyar ma'aikata, mashayi kuwa ya fi wanda ba ya sha cin kuɗin magani.

Ni ba na shan taba, ba na kuma ƙaunar warinta. Na taɓa zama a ofis ɗaya da wani bawan Allah da kan zagaya bayan gini ya zuƙi kara ɗaya, ya dawo yana tsotsar alewa don ya kashe warin, alhali hayaƙin ya riga ya kama babbar rigarsa har da takardun da yake miƙo mini. Saboda haka ba ni da ja game da hana shan taba a wurin aiki, domin huhun abokin zama ba mallakar mashayi ba ne, ita ma dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta tanadi irin wannan hani. Wanda ya kunna ashana kusa da famfo a gidan mai, ko a ma'ajiyar auduga, in an sallame shi, shi ya jawo wa kansa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kamfani ya bi ma'aikaci har tsakar gidansa. Idan mutum ya sha taba, jikinsa kan juya nikotin ya zama wani sinadari da ke daɗewa kwanaki a cikin jini da fitsari, shi ne kuma ake nema a irin wannan gwaji. Gwajin bai san bambancin karan da aka sha a ofis ranar Litinin da wanda aka sha a ƙofar gida ranar Asabar da dare ba. Kai, har mai tauna cingam ɗin nikotin don ya daina yana iya faɗuwa. Haka kamfanin Scotts Miracle-Gro ya kori wani sabon ma'aikaci a jihar Massachusetts a 2006 bayan gwajin fitsari, mutumin ya kai ƙara, kotun tarayya ta kore ta a 2009.

In dai kuɗin magani ne ma'auni, to mai ƙiba da mai hawan babur da gudu su ma suna kan layi. Shi kansa Weyco bai tsaya kan ma'aikata ba, daga baya ya ɗora kuɗin wata-wata a kan wanda mijinta ko matarsa ke shan taba, mutanen da ba su taɓa karɓar albashinsa ba. Ga shi kuma a Amurka talaka mai ƙaramin albashi ya fi yawa a cikin mashaya, kuma duk wanda ya zauna da mai ƙoƙarin dainawa ya san yakan bari ya koma sau da dama kafin ya rabu da ita. Raba shi da aiki yana nufin raba shi da inshorar da za ta biya masa maganin dainawar.

Jihohin Amurka 29 da birnin Washington suna da dokokin da suka hana a kori mutum saboda tabar da ya sha bayan tashi daga aiki. Michigan ba ta cikinsu, shi ya sa mutanen nan huɗu ba su da dokar da za su kama.